Shekarar da Tsohuwa Ta Kwana a Bakura

Tun da kuka fara maganar rushe madafar ƙasa a gina ta bulo, na ji ɗayanku, ba sai na kama suna ba, yana tambaya ko za a zubar da baƙaƙen zangarniyoyin nan da ke rataye a rufi. Ranar ban ce komai ba, don da na buɗe baki za ku ce Baba ya kunna. To ga shi na rubuta, ita takarda ba ku da inda za ku murɗa ku rage mata murya. Akwai kuma maganar da nake so in gyara. Kun tashi kuna jin ana cewa baƙin cikin dam ne ya kashe kakanku Malam Labbo. Ya kusa kashe shi, amma ba haka aka ƙare ba. Ina wurin.

A lokacin ban fi shekara goma sha shida ba, kuma duk Mafara in ban da Inna ba mai kirana Mani. Rediyo ake ce mini. In na ga kifi kamar tafin hannu a gulbi, kafin in iso ƙofar gida ya zama wanda sai da jaki aka ɗauko shi. Ranar da na fara ganin katafila, na dawo na ba da labari cewa ta karya kumallo da tudu guda, ta yi gyatsa, kajin Jangebe suka daina ƙwai. Ba wanda yake yarda, ni ma ban nemi a yarda ba, dariya nake nema. Kuma ba ni da mai saurare kamar Baba. Ni ne auta, babu kunyar ɗan fari tsakaninmu, sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Allah shi shirye ka, Rediyo. Ƙara wani."

Ku da ba ku san shi ba sai a bakin mutane, ku sani ban taɓa ganin mutum mai ɗokin damina kamarsa ba. Da hadari ya haɗo daga gabas zai fito tsakar gida yana shaƙar iska kamar an ɗora masa miya. Yana noma yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Abin da ya fi so a duniya bayan sallarsa shi ne irin dawar gidanmu, wata kaura mai nauyin kai da kakan kakansa ya zo da ita, wadda a gida ake kira Tsohuwa. Kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gona, maigida zai bi kunya-kunya ya zaɓi kawunan da suka fi cika, ya ɗaure kowanne da ganyen kaba, a yanke su daban, a rataye a rufin madafa inda hayaƙi zai hana ƙwaro. Da ruwa ya sauka shi zai sari ramin farko da sungumi, ya zuba da bisimilla. Dokar gidan guda ce: ba a shuka Tsohuwa a gonar aro. Baba ya ce a gonar wani takan haɗu da dawar maƙwabta ta lalace, kuma mai gona yakan ɗauka shi ma yana da rabo a irin.

Madatsar Bakolori tana can wajen Maradun, inda ruwa ya haɗiye ƙauyuka da fadamu. Mu a Mafara ƙarfe ne ya ci mu. Aka ce za a daidaita ƙasa, a ja hanyoyin ruwa, a mayar wa kowa gonarsa tana ba da amfani rani da damina, amma kafin nan kada kowa ya yi shuka. Na raka Baba ranar da ya je duba gonarmu bayan injuna sun bi ta kanta. Babu ɗorawar da muke cin abinci a ƙarƙashinta, babu gawo, babu gambar da ta raba mu da maƙwabci. Jar ƙasa ce shimfiɗe iyakar ganinka. Ya yi gaba, ya dawo, ya yi dama, hannuwansa a baya, kamar mai neman allura.

"Rediyo, ina ɗorawar take?"

"Ai Baba, na ji an ce Bature ya sa ta a jirgi, matarsa na son kalwa."

Bai yi dariya ba. Bai ma ji ni ba. Wannan ne karo na farko da na jefa masa magana ta faɗi ƙasa.

Damina ta zo ta wuce ba mu sari rami ko ɗaya ba. Yayyena suka shiga leburanci a kamfanin Turawan da ke aikin dam ɗin, da abin da suke kawowa da ɗan ƙuli-ƙulin Inna muke ci. Baba ya koma zaure ya zauna. Ba ya ciwo, ba ya faɗa, ba ya waƙa. In hadari ya taso sai ya juya wa ƙofa baya. Wani amininsa daga Morai ya zo har gida ya ce ga fili a wurinsa, ya zo ya shuka abin da yake so. Baba ya yi masa godiya mai tsawo, ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya zauna. Jira yake a mayar masa da gonarsa, Tsohuwa kuma tana rataye tana ƙara baƙi. Wata daminar ma ta wuce haka. Riga ta fara yi masa yawa.

Ni kuwa a lokacin kaina ya tafi wani wuri. Wani direban tifa mai suna Isa ya yi mini alkawarin zai ɗauke ni yaron mota da zarar nasa ya tafi, daga nan in koyi tuƙi. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so sitiyarin nan ba. Tun ban taɓa ko da ƙofar motar ba na riga na gaya wa 'yan matan unguwa cewa Turawan kamfani suna layi in koya musu ribas. Dab da saukar ruwa Isa ya aiko cewa in shirya, wuri ya samu.

A makon ne Inna ta yi abin da mata suke yi in sun yi shakkar iri. Ta murje 'yan ƙwayoyi daga zangarniya ɗaya, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta tura ƙarƙashin randa. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ta kira ni ta ce in biyo ta zaure. Ta durƙusa gaban Baba ta buɗe tsumman. Yawancin ƙwayoyin sun kumbura sun yi funfuna. 'Yan kaɗan ne suka fid da farin tsiro, sirara kamar zare.

"Malam, dibi. Mutuwa takai."

"Za a maido gona."

"Yaushe? Bara haka anka ce. In ta ƙara shekara rataye, ko an maido ma gonar duniya, mi za ka zuba ciki?"

"Kin san dokar gidan ga."

"Na sani. Amma waɗanda sunka kafa ta ba su ga katafila ba. Mande na da tudu a Bakura inda shanunai ka kwana, ba dawar kowa kusa. Ka tashi ka tahi."

"Ni Labbo, in je in roƙi yayan matata ƙasa? Ubana bai yi ba."

Inna ta tashi ta shiga madafa, ta taka turmi, ta kwance dukan kawunan, abin da mace ba ta taɓa yi ba a gidan. Ta fito da su a faifai, toka a goshinta.

"Tun da anka kawo ni gidan ga nike yi mata hayaƙi, idona ya shaida. Ni ma ina da haƙƙi. In ba ka zuwa, Mani na zuwa."

Ba ta tambaye ni ba. Na buɗe baki in ce ai ni jibi zan hau tifa, sai na kalli Baba. Idonsa yana kan faifan, kuma a karo na farko cikin shekara biyu na ga wani abu yana motsi a fuskarsa, ko da fushi ne. Na rufe bakina. Na karɓi faifan.

"Ku yi abin da kunka ga dama," in ji Baba. Ya juya ya fuskanci bango.

Kawu Mande, yayan Inna, mahauci ne mai fataucin shanu, ƙaton mutum mai dariya kamar ana gangara da ganga. Ya nuna mini tudun ya ce shi nama ya sani, in yi yadda na iya, ladan ƙasarsa kawai in riƙa taya shi kora shanu zuwa kasuwar Mafara duk Talata. Da ruwa ya sauka na tsaya da sungumi ni kaɗai a tsakiyar fili. Ramin farko na maigida ne, ga shi maigida yana zaure a wani gari. Na sara, na yi bisimilla, na zuba. Saboda na san yawanci matattu ne, sai na riƙa zubawa da yawa a kowane rami. Da ta tsiro, wani wuri cunkus kamar gashin baki, wani wuri fayau. Kawu ya zo ya duba, ya ce gonar ta yi kama da kan yaro mai ƙora.

Wurina a tifa abokina Hassan aka ba. Ranar Talata ina bayan shanu, ƙafata duk kashi, sai ga su sun taho, Hassan a maƙale a ƙofa yana ɗaga mini hannu, Isa ya danna hon shanu suka watse cikin gonakin mutane. Na tattaro su ina zagi, da na tabbata ba mai ganina na yi kuka. Hassan ya zama direba, daga baya ya mallaki motoci nasa. Ni har yau ku kuke kai ni asibiti.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne gida. In na shiga na durƙusa, Baba sallama kawai yake amsawa, don ita wajibi ce. In na ce ina kwana, ina gajiya, sai ya ja tasbaha. Mutumin da yake cewa in ƙara wani, yanzu ko sunana ba ya kira. Sai na ɓullo da dabara. Madafar Inna zana ce kawai ta raba ta da zaure. Na riƙa zama a bakin madafa ina ba Inna labarin gona da muryar da za a ji a masallacin Juma'a.

"Inna, Tsohuwa ta tsiro! Da ƙarfin da ta fasa ƙasa sai da randunan Bakura sunka tsage!"

Shiru daga zaure. Wata Talatar na ce ganyenta ya yi faɗin da matan Kawu suke shanya gari a kai. Wata kuma na ce wani Bafillace ya shiga da garkensa bai fito ba, iyalansa suna ta cigiya. Inna tana dariya tana toshe baki da gyale, tana kallon zana. Shiru. Amma ta raɗa mini cewa ranar Talata ba ya zuwa ko'ina, tun safe yake jawo tabarmarsa kusa da zanar.

Shuka tana da wata guda da ɗoriya na zo na ce, "Inna, albishirinki. Ta fid da kai! Kowace zangarniya sai mutum biyu sun tallabe ta, tsuntsu ya sauka kan ɗaya ya ci ya kasa tashi, yanzu haka Kawu na gasa shi."

Sai muka ji murya daga bayan zana, a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ƙarya kake. Tsohuwa ba ta fid da kai sai an girbe gero."

Inna ta saki muciya. Ni kuwa na daure na ce, "To Baba, ta Bakura ce, ruwansu daban."

"Ruwan ubanka. Ka rage ta?"

"Rage ta kamar yaya?"

"Inna lillahi. Ya bar ta cunkushe. Wanga yaro zai kashe min uwa."

Rannan ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Washegari ya fito da fartanyarsa ya zauna yana wasa ta a kan dutse, yana mita. Talatar da ta biyo baya, da Kawu ya gama ciniki, Baba ya hau bayan motar shanu ya bi mu Bakura, shi da ya ce ubansa bai yi ba. Duk hanya ban ba da labari ko ɗaya ba, don na san abin da zai gani.

Ya tsaya a bakin tudun ya daɗe. Ga ta nan, ko gwiwa ba ta kai ba, tsibi nan, fili can, rabin ramukan babu komai. Ba Bafillace, ba garke. Na jira ya juya ya koma. Sai ya tuɓe takalmansa, ya shiga, ya durƙusa gaban wani cunkus, ya shafa ganyen da bayan hannu kamar yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi.

"Sannu, Tsohuwa. Sannu da baƙunta." Ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur. "Ina garken Bafillacen?"

"Sun fita ta baya, Baba."

Dariyar ta fito masa tare da kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Kawu da ke tsaye ya juya yana duban shanunsa.

Ranar ya koya mini dashe. Aka yi sa'a ƙasa tana da laima. Ya riƙa cire waɗanda suka yi yawa da saiwarsu, ya datse musu ganye, ya kai su ramukan da ba su tsiro ba, ya danne da diddige. Bai koma Mafara ba. Ya zauna a shagon ƙofar gidan Kawu har kaka, Kawu yana tsokanarsa cewa ya zo biko ne ya ɓata hanya. Waƙar nan mara daɗi ta dawo. Wata rana muna hutawa bayan maimai ya ce mini, yana kallon hannuwansa, "Na zaci da ɗorawa sunka tahi da son aikin. Ina zaune ina jiran shi dawo in tashi. Ashe sai ka tashi ka kama fartanya shike zuwa." Shi ya sa, Aminu, lokacin da aka sallame ka daga aiki ka rufe kanka a ɗaki, ban zo da nasiha ba. Na zo na dame ka da surutu har ka fito ka raka ni gona don in yi shiru. Ka ji haushina a lokacin. A wurin kakanka na ga yadda zaman nan yake cin mutum.

Sai dai shekara biyun zaure sun riga sun ci abin da suka ci. Tun ana tsakiyar damina tari ya kama shi, ba irin na dariya ba. Da dawa ta nuna ya bi kunyoyin yana dafa kafaɗata, yana nuna kawunan da za a ɗaure. Yatsunsa suka kasa ƙulla kaba, sai ya miƙo mini ganyen ya ce in ƙulla. Na ce ai na maigida ne. Ya ce, "Wa ya sari ramin farko?" Na ƙulla. Bai tsaya girbi ba, Kawu ya mayar da shi Mafara a kwance. Bai ga ranar da aka raba filaye aka ba mu wani wuri da ba namu ba, aka ce alkama za a shuka. Bai ga lokacin da manoma suka tare hanyoyi aka yi asarar rayuka ba. Wannan kam Allah ya hutar da shi.

Na gama girbi na taho. Abin da tudun ya bayar jaki ɗaya ya ɗauko, da ni a kai. Na iso da hantsi, na tarar an mayar da Baba ɗakin Inna, yayyena zaune jugum a ƙofa. Na shiga na durƙusa, na sa masa zangarniya ɗaya mai ɗaurin kaba a hannu. Ya daɗe yana murza ta, ya kai hanci.

"Rediyo. Mi anka samu?"

Ganin yadda ya koma, wasa ya fita daga kaina. Na sunkuyar da kai na fara gaya masa gaskiya, cewa ba yawa, iri dai ya tsira, sai ɗan abin da za a yi tuwo.

Ya girgiza kai a kan matashi. "Wanga na sani, ni na dasa ta. Ba ni naka."

Na dubi Inna. Ta gyaɗa mini kai, hawaye yana bin haɓarta. Na gyara zama, na share murya, na kunna. Na ce jakunan Bakura sun yi taro sun ce ba za su ƙara ɗauka ba sai an ƙara musu dusa. Na ce dammunan da muka tara sun tare rana har ladan ya kira magariba da azahar. Na ce Turawan dam sun zo da katafila su taya mu kwasa, ta ɗauki dami ɗaya bayanta ya ƙage, yanzu haka tana wurin mai ɗori. Muryata tana karyewa ina ci gaba. Kafaɗunsa suka fara motsi, dariyar ba ta da sauti, amma dariya ce, na san ta. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya share ido.

"Allah shi shirye ka," in ji shi. "Ƙara wani."

Na ƙara. Ina cikin na uku Inna ta dafa gwiwata ta ce, "Ya isa, Mani," ta matsa kusa da kunnensa tana karanta masa kalmar shahada. Zangarniyar tana hannunsa, sai da aka zo wanka aka zare ta.

Waɗanda ke rataye a madafa jikokin jikokinta ne, na bara, ni na ƙulla musu kaba. Ku gina ta bulo, ku sa tayil in kuna so. Amma ku ce wa magini ya bar ƙugiya ɗaya a rufi, daidai inda hayaƙi yake bi.